Bikin Kiɗan Fas da Matsalar Fitar da Zikiri Daga Zawiya Zuwa Dandamali

Kalmar "kiɗan duniya" ba makaɗa ne suka ƙirƙiro ta ba, domin ta samu gindin zama ne a shekarar 1987, lokacin da wasu masu kamfanonin faifai suka taru a Landan don neman sunan da za su liƙa wa kantar da ake jera waƙoƙin Afirka da Asiya da Kudancin Amurka a shaguna. Tun daga nan kasuwa ta raba kiɗan gado gida biyu: na kilasika, wato kiɗan Turai mai rubutacciyar ƙa'ida da ake koyo a makaranta, da kuma tarkacen duk abin da ya saura. Bikin kiɗan ibada na birnin Fas a ƙasar Maroko, wanda masanin halayyar al'umma kuma sufi Fauzi Sikali ya assasa a 1994 bayan yaƙin Tekun Fasha ya dagula zumunci tsakanin Musulmi da Yammacin duniya, yana cikin bukukuwan da suka ƙi amincewa da wannan rabon.

Dabarar masu bikin ita ce sauya ma'auni, ta yadda ba a tambayar nahiyar da kiɗa ya fito sai dai ko yana da nasaba da bauta, kuma da wannan ne Jordi Sabal, gwanin tsohon kiɗan Turai daga Kataloniya, da Yusu Ndur na Senegal da Sabah Fakhri na Halab da mawaƙan ƙawali na Pakistan suka hau dandamalin birni ɗaya ba tare da an fifita wani ba. Shi kansa Fas hujja ne a kan raunin rabon Landan, saboda yana da nasa kiɗan kilasikar da ake kira "ala", gadon Andalus, wanda aka tsara shi cikin nuba goma sha ɗaya. Nuba dogon jerin waƙoƙi ce da aka gina a kan karin sauti guda, tana da sassa biyar, kowane sashe da nasa bugun da ke farawa a hankali ya yi ta ƙara sauri har ƙarshe. Makaɗan na zaune a jere cikin jallabiya da jar dara, mai gogen Turai ya kafa shi a tsaye bisa gwiwa maimakon ya maƙale shi a haɓa, mai ƙaramin bandiri kuwa shi ke riƙe da linzamin ƙungiyar baki ɗaya. Duk da wannan tsari mai tsauri, a shagon Turai kantar "kiɗan duniya" ake jefa shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ke samun ibada idan aka sayar mata da tikiti. Manyan wasannin dare a Bab Makina ake yin su, wani faffaɗan fili mai dogayen ganuwa da ya samo sunansa daga masana'antar makamai da Sarki Hasan na Ɗaya ya gina a ƙarshen ƙarni na 19, kuma kujerunsa baƙi da masu hannu da shuni ne suka fi cika su. An daɗe ana yin wasannin la'asar a harabar Dar Batha, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya mai yalwar inuwa, inda kukan tsuntsaye ke ratsa sautin molo. Talakan birni kuwa an daɗe rabonsa shi ne wasannin kyauta na filin Bab Bujulud da kuma dararen sufaye na Dar Tazi, inda ɗariƙu irin su Isawa da Hamadisha ke zikiri, jama'a na zaune a kan darduma suna amsawa. A zawiya babu ɗan kallo, kowa mahalarci ne, kuma ba agogo ke tsayar da sama'u ba, wato sauraren baitocin yabo don neman kusanci ga Allah. A dandamali kuwa akwai lasifika da fitilu da ƙayyadadden lokaci, sannan tafi ya maye gurbin amin. Abin lura ma shi ne, 'yan Tijjaniyya da ke zuwa daga Kano da Kaulaha don ziyartar kabarin Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, suna zikirinsu ne a cikin tsohon birnin ba tare da wani ya saka su a jadawali ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaba wa bikin a 2001 a matsayin abin da ke taimaka wa tattaunawa tsakanin al'adu, kuma yabon bai wuce gona da iri ba ta fuskar daidaita makaɗan nahiyoyi. Amma rabon da bikin ya rushe tsakanin makaɗa ya sake gina shi tsakanin masu sauraro, kuma ɓangaren da ya fi cika sunan "kiɗan ibada" shi ne wanda ba a biyan ko dirhami ɗaya a shige shi.