Rabilu Musa Ibro: Ɗan Wasan da Ƙauye Ya Karɓa, Masana Suka Yi wa Kallon Hadarin Kaji

Gabatarwa

Ranar 10 ga Disamba, 2014, Allah ya yi wa Rabilu Musa rasuwa a Kano bayan fama da ciwon ƙoda, yana da kimanin shekara 43 a duniya. Mutane ƙalilan ne suka san shi da sunansa na yanka. Da Ibro ko Ɗan Ibro aka san shi, tun daga unguwannin Kano har zuwa zangunan Hausawa na Gana da Kamaru. A garuruwan bakin iyaka irin su Dogo-Dogo, cikin gundumar Dungas wadda aka cire daga Magarya, sunansa ya daɗe da shiga maganar yau da kullum, har akan kira yaro mai ban dariya da shi.

Duk da wannan karɓuwa, ƴan boko da malaman makaranta ba su cika ɗaukar aikinsa da muhimmanci ba. Wasu na ganin shirme ne kawai, wasu kuma na ganin yana ɓata tarbiyya da harshe. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar Ibro da salon wasansa, ta nuna tushen wannan salo a al'adar Hausawa, sannan ta auna inda ya yi fice da inda ya gaza.

Daga Ɗanlasan zuwa kasuwar kaset

An haifi Rabilu Musa a 1971 a ƙauyen Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. Kafin wasa ya zame masa sana'a, ya yi wasu shekaru yana aikin gandiroba a hukumar gidajen yari ta Najeriya. Fitowarsa ta zo daidai da lokacin da harkar fim ɗin Hausa na bidiyo ke tasowa. An fitar da Turmin Danya a 1990, kuma kafin ƙarshen waɗannan shekaru goma harkar ta bunƙasa har ta samu mujallunta, irin su Tauraruwa da Fim, ta kuma samu laƙabin Kannywood.

A wannan kasuwa finafinai sun rabu gida biyu. Akwai na soyayya, masu waƙa da rawa irin na Indiya, waɗanda Sangaya ya zama zakaran gwajin dafinsu, labarinsu kuma yawanci na ƴan birni ne masu motoci da manyan gidaje. Akwai kuma na barkwanci da ake kira camama, waɗanda ake shiryawa da kuɗi kaɗan cikin ƴan kwanaki, galibi a ƙauye ko a lungun talakawa. Ibro ne ya zama sarkin wannan gida na biyu, tare da abokan wasansa irin su Ciroki da Daushe da Bosho. Sunansa kaɗai ya isa ya sayar da kaset, shi ya sa ake liƙa shi a gaban sunan fim: Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Aloko.

Daga Kano kaset yakan bi ƴan kasuwa zuwa Babura da Maigatari, ya ƙetara iyaka zuwa ƙasar Magarya da Dungas, inda naira ke yawo tare da sefa. A rumfar kallo mai injin wuta, manomi da ɗan tireda da almajiri suna zaune a tabarma ɗaya. Fim ɗin soyayya yana nuna musu duniyar da ba tasu ba. Fim ɗin Ibro kuwa yana nuna musu dangar kara da jaki da rigimar bashin gero, da mutum mai magana irin tasu.

Tushen salonsa

Masu cewa Ibro ya zo da baƙon abu sun manta da tarihin dariya a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan na'urar ɗaukar hoto akwai wawan sarki, wanda aka yarje wa faɗin abin da fadawa ba su isa su faɗa ba. Akwai ƴan kama, masu kwaikwayon malamai suna juya karatu ya koma zancen tuwo da fura. Akwai ƴan gambara da zambonsu a kasuwa, akwai tashe na watan azumi inda yara ke shigar tsofaffi da bokaye da ma'aurata. A ƙasar Damagaram akwai wasan kara, inda samari ke kwaikwayon sarakuna da jami'an hukuma da kayan da suka ƙera da karan dawa. A tatsuniya kuma akwai Gizo, mai kwaɗayi da wayo, wanda dabararsa kan kai shi ta baro.

Duk wanda ya kalli finafinan Ibro da idon nazari zai ga Gizo ne ya sa riga da hula. Halin da ya fi fitowa da shi shi ne na talaka mai dogon buri da gajeren tunani: ya yi ƙaryar malanta ko sarauta ko dukiya, ya ci riba na ɗan lokaci, daga baya asirinsa ya tonu, ya sha kunya ko duka. Mai kallo yana yi masa dariya, amma kuma yana tare da shi, domin yunwar da ta tura shi ga ƙarya ba baƙuwa ba ce a gidan mai kallon.

Akwai kuma gadon rediyo da talabijin. Kafin Ibro, Usman Baba Pategi ya yi suna da Samanja a Kaduna, Kasimu Yero da Karambana, Karkuzu kuma a Jos. A Nijar, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Damagaram, wadda Yazi Dogo ke cikin jigoginta, ta shiga gidajen jama'a ta kafofin gwamnati. Bambancin da ke tsakani yana da muhimmanci. Waɗancan magabata sun yi aiki ne a ƙarƙashin tashoshin hukuma, da manufar wayar da kan jama'a game da ilimi da lafiya da zaman tare, kuma akwai mai duba shiri kafin ya fita. Shi kuwa Ibro kasuwa ce uwar ɗakinsa. Abin da mai sayen kaset ya yi wa dariya shi za a sake yi. Daga nan ƙarfinsa ya fito, daga nan kuma rauninsa.

Gwanintarsa

Abu na farko shi ne murya. Ibro yana iya matse ta, ya ja ta, ya karya ta a tsakiyar jimla, har kalmar da ba ta da abin dariya ta zama abin dariya. Na biyu shi ne jiki: tafiya, zare ido, yadda yake tsayawa cak idan an kama shi da laifi kafin ya ƙirƙiro wata ƙaryar. Na uku, wanda ya fi dacewa malaman harshe su lura da shi, shi ne saurin baki. Yawancin finafinan camama ba su dogara da rubutaccen zance ba. Ana ba ɗan wasa gundarin fitowa ne, shi kuma ya cika ta da abin da ya zo bakinsa. A irin wannan fage Ibro yana juya karin magana, yana yi wa kalmar Turanci ko ta Larabci fassarar son rai, yana ɗaukar magana a zahirinta alhali ana nufin wani abu daban. Wannan wasa da harshe ne na wanda ya san harshen ciki da waje, domin sai wanda ya san ƙa'ida ne ke iya karya ta a inda za ta ba da dariya.

Wani abin lura shi ne yadda ya jawo al'amuran duniya zuwa dandalin ƙauye. Ibro Awilo ya kwaikwayi mawaƙin Kwango Awilo Longomba a lokacin da kiɗansa ya cika gari. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka aka yi Ibro Usama, bayan yaƙin Iraƙi na 2003 kuma aka yi Ibro Saddam. Finafinan sun jawo ce-ce-ku-ce, har wasu na ganin an yi wasa da abin da bai kamata ba. Amma sun nuna yadda talaka ke narkar da labaran da yake ji a sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka: manyan duniya su sauko su zama maƙwabta masu faɗa a kan iyakar gona, a yi musu dariya kamar kowa.

Inda ya gaza

Yabon gwani ya zama dole, amma nazari ba ya tsayawa a yabo. Rauni na farko shi ne maimaici. Saboda kasuwa na neman sabon kaset kowane lokaci, an yi ta fitar da finafinai masu zubi ɗaya, labari ba kai ba gindi, sauti da hoto ba inganci. Sau da yawa fitowa biyu ko uku ne masu armashi a fim guda, sauran cike gurbi. Baiwar Ibro ta fi yawancin finafinan da ya fito a ciki, kuma bai cika samun marubuci ko darakta da zai matsa masa ya wuce abin da ya saba ba.

Rauni na biyu ya fi nauyi. Wani kaso na dariyar camama ya ginu ne a kan kwaikwayon Hausar wasu ƙabilu, Bafillace ko Bagwari ko Inyamuri, da kuma nuna su a matsayin wawaye ko macuta. Masu kare wannan salo sukan ce ai wasan barkwanci ne irin na taubasai. Lalle wannan wasa tsohuwar al'ada ce mai daraja, kamar yadda ake yi tsakanin Fulani da Barebari ko Kanawa da Damagarawa, har hukumar UNESCO ta sanya na Nijar cikin jerin al'adun duniya a watan Nuwamba na 2014, makonni kaɗan kafin rasuwar Ibro. Sai dai wasan taubasai yana da sharaɗi: abokin wasa yana nan a gabanka, yana da damar ramawa, kuma akwai amana da ta haɗa ku. A fim, wanda aka kwaikwaya ba ya nan, ba ya ramawa, kuma yaron da ke kallo yana iya tashi da wannan hoto a matsayin gaskiya. Haka abin yake ga yadda ake mai da makanta ko gurguntaka ko in'ina abin dariya, da yadda matar gida kan fito kullum a mafaɗaciya.

Gandiroba a bayan kanta

A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai. Bayan abin kunyar da ya girgiza harkar fim a 2007, hukumar ta tsananta a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, aka ɗaure Adam A. Zango a wannan shekara, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008. A watan Oktoba na 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu, kan tuhumar da ta shafi rajistar kamfani da kuma rawar da ke cikin Ibro Aloko. Mutane da yawa sun danganta hukuncin da wata waƙa ta fim ɗin wadda jama'a suka mayar habaici ga gwamnan lokacin. Ta haka tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin ɗaurarre.

Wannan shari'a ta tayar da tambayar da ta wuce Ibro. Sarakunan da suka ajiye wawa a fada sun san amfanin barin ƙofa ɗaya da talaka zai yi dariya ta cikinta. Gyaran kurakuran camama aikin masu nazari ne da marubuta da masu kallo, ta hanyar suka da kawo abin da ya fi. Kurkuku bai gyara rubutun fim ko ɗaya ba, illa dai ya sa ƴan wasa da dama suka kwashe aikinsu zuwa Kaduna da wasu garuruwa na wani lokaci.

Kammalawa

Zamanin kaset ya wuce, na faifan CD ma ya bi shi. A yau Ibro yana rayuwa ne a guntayen fitowa da ake turawa daga waya zuwa waya, ko ake sakawa a YouTube, galibi ba sunan fim, ba shekara, ba sunan sauran ƴan wasa. Kaset ɗin da suka rage a akwatunan masu rumfunan kallo zafi da ƙura na cin su. Nan ne ƙungiyoyin al'adu na Dogo-Dogo da Dungas da Magarya ke da rawar takawa: su tattara abin da ya saura, su rubuta sunaye da shekaru, su naɗi bayanin waɗanda suka yi sana'ar nuna finafinan.

Malamin Hausa kuma yana da abin aiki a hannunsa. Fitowa ɗaya ta minti biyar ta isa darasi: ɗalibai su fitar da karin maganar da aka juya, su kwatanta halin Ibro da na Gizo, su tattauna wa aka yi wa dariya, kuma ko da yana wurin zai yi dariyar tare da su. Ɗalibin da ya koyi yin wannan tambaya a kan Ibro zai iya yin ta a kan duk abin da wayarsa ta kawo masa. Allah ya jiƙan Rabilu Musa, ya gafarta masa kurakuransa.