Jinjina ga Kakannin Yaye

Ranar da aka cire yaro daga nono, kaka ce ke shan daren farko. A gidajen Hausa da yawa, wajenta ake kai shi idan ya kusa shekara 2, wa'adin da Suratul Baƙara ta ambata ga mai son cika shayarwa.

Tsohuwa ba ta runtsawa. Yaro na tsala ihu yana neman uwarsa, ita kuwa ta goya shi, ta ɗaure majanyi, tana zagaya tsakar gida har kiran asalatu, ga ciwon gwiwa ga na baya. Gari na wayewa ta dama koko ko kunun gyaɗa, ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, domin cikin da ya saba da nono ba ya karɓar tuwo farat ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabararta ta wasa. Namiji ta kira shi "angona", ta ce ina kuɗin cefane; mace ta zama "kishiyata", su yi ta gardama a kan tsohon gidan. Da wannan tsokana kuka ke komawa dariya, har yaron ya fara miƙa hannu cikin akushinta da kansa.