Ɗafa-goshin "aéro-" da Yadda Ake Mayar da Shi Hausa

Tun shekarar 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, masu tsara littattafan karatu suke fama da kalmomin kimiyya na Faransanci. Daga cikin waɗanda suka fi wahalar da su akwai masu farawa da ɗafa-goshin "aéro-". Abin da za mu duba a nan shi ne asalinsa, da kuma kuskuren da ake yawan yi wajen fassara shi.

Asalin "aéro-" kalmar Girkanci ce, "aer". A tsohon Girkanci ma'anarta iskar da ke kusa da ƙasa, har da hazo, saɓanin "aither", watau sararin can sama mai haske. Latin ya ari kalmar, daga nan ta shiga Faransanci. Masana kimiyya ne suka mai da ita ɗafa-goshi. A 1783, shekarar da ƴan'uwan Montgolfier suka tayar da balan-balan ɗinsu, aka sami "aérostat". Joseph Pline ya yi amfani da "aéroplane" a 1855, Louis Pasteur kuma ya ƙirƙiri "aérobie" a 1863.

Duk wanda ya lura da waɗannan misalai zai ga ma'ana biyu ce ke tafe cikin ɗafa-goshi guda. A "aérobie" ana nufin iskar da ake shaƙa. A "aéroport" kuwa ana nufin tafiya a sama. Kuskuren wasu masu fassara shi ne ɗaukar cewa ko'ina aka ga "aéro-" sai a sa "iska". Bahaushe bai bi wannan hanya ba. Da ya ga abin hawa mai tashi, sai ya ɗauki "jirgi", wanda a da kwale-kwale ne, ya haɗa shi da "sama", aron Larabci, ya ce "jirgin sama", kamar yadda ya ce "jirgin ƙasa". Ba wanda zai tambayi hanyar "filin jirgin iska" a Birni ko a Zango a gane shi.

Akwai kuma wani dalilin yin hattara. "Iska" tana ɗauke da nauyin da "aer" ba ta da shi. Iskoki su ne aljanun bori, "ɗan iska" kuwa zagi ne. Malamin yaƙi da jahilci da ya rubuta "masanin iska" a allo, zai yiwu dattawan ajinsa su ɗauka boka yake nufi.

Har ila yau, wasu suna ganin ya kamata a ƙera wa Hausa ɗafa-goshi irin na Turai. Wannan bai dace da ginin harshen ba. Ɗafa-goshin Hausa, irin su "ma-" a "makaranta" da "ba-" a "Badamagare", suna nuna wuri, ko mai aikatawa, ko asali. Abin da Faransanci ke yi da "aéro-" kuwa, Hausa da mahaɗin "-n" ko "-r" take yin sa, tana sa abin a gaba, bayaninsa a baya.

Saboda haka shawararmu ga masu tsara kalmomi ita ce, a auna kowace kalma ita kaɗai. Inda ake nufin tashi, a ce "sama". Inda ake nufin abin shaƙa, a ce "iska" tare da bayani, alal misali "ƙwayoyin halitta masu buƙatar iska" a madadin "aérobies". Kafin a buga kalma a littafi kuma, a gwada ta a bakin manoma da ƴan kasuwa, domin su ne za su karanta ta.