Hadda Ba Ita Ce Matsalar Koyon Turanci Ba

A wuraren horar da malamai yanzu magana ɗaya ake ta nanatawa: a daina sa yara hadda, a bar su su yi ta hira da Turanci kamar yadda ake yi a Amurka. Sai a kafa hujja da ƙasar Sin, inda ake cewa ɗalibi kan shekara goma yana karatun Turanci amma bakinsa ya kasa buɗewa. Ban yarda da wannan hukunci ba, domin yaran da ake kwatantawa ba halinsu ɗaya ba.

Amurka ba ta da manhaja guda ta ƙasa. Kowace jiha ke tsara tata, hukumomin makarantu na gundumomi fiye da 13,000 kuma su zaɓi littattafai. Ko ma'aunin Common Core na 2010, jihohi da kansu suka karɓa, wasu ma suka janye daga baya. Yara kimanin miliyan 5 ne ke koyon Turanci a makarantun gwamnati a can, kuma shari'ar Lau da Nichols ta 1974, wadda aka shigar a madadin yara 'yan asalin Sin a San Francisco, ita ta wajabta wa makarantu taimaka musu. Malami kan raba su rukuni-rukuni, su yi muhawara, su rubuta ra'ayinsu. Hanyar tana ci, amma mu lura da dalili: yaron nan in ya bar aji, Turanci zai ji a mota, a kanti, a filin wasa. Gari ne ke yi wa malamin rabin aikinsa.

Yaron Sin ba shi da wannan gata. Turancinsa a aji yake farawa, a aji yake ƙarewa. Ma'aikatar ilimi ta Sin ce ke fitar da ma'auni ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, kuma tun 2001 ta sa a fara Turanci daga aji uku na firamare. Da sassafe ɗalibai kan ɗaga murya su karanta darasi tare, su haddace kalmomi da sassan rubutu sukutum. Malamin da ke gaban yara hamsin, da 'yan mintuna arba'in a hannunsa, me ya fi wannan da zai yi? Wanda ya tashi a makarantar allo ya san abin da tilawa ke dasawa a ƙwaƙwalwa. Jimlar da aka haddace jari ce, ranar buƙata za a ciro ta.

Inda Sin ta yi tuntuɓe shi ne jarrabawa. A gaokao, jarrabawar shiga jami'a, galibi Turanci na da maki 150 cikin 750, daidai da lissafi da Sinanci, kuma a yawancin larduna makin daga karatu da rubutu da saurare yake fitowa. Abin da ba a ba shi maki, ba malamin da zai ɓata lokaci a kansa. Nan ne abin da su kansu suke kira Turancin bebe ya samo asali. Shanghai da Beijing sun gane haka, sun sa gwajin magana ta kwamfuta cikin makin.

Amurkawa ma sun soma komawa ga tsari. Bayan shekaru ana fatan yaro ya tsinci karatu ta hanyar yawan cuɗanya da littattafai, jihar Mississippi ta kafa doka a 2013, ta dage kan koyar da sautin baƙaƙe daki-daki, sakamakon yaranta kuwa ya tashi har wasu jihohi suka bi sahu.

Yaronmu na Gumel ko Argungu ya fi kama da na Sin, domin shi ma a aji kaɗai yake gamuwa da Turanci. Cutar Sin ɗin ma muna da ita: a Nijeriya, ana amsa gwajin furuci na WAEC ɗalibi bai furta ko kalma ba. Don haka ina roƙon masu tsara manhaja su bar wa malamai haddarsu, su ware lokacin da yaro zai yi magana da abin da ya haddace, sannan su sa maki a kan maganar. Muddin jarrabawa ba ta saurari bakin yaro ba, duk hanyar da aka aro daga waje ba za ta buɗe shi ba.