A buɗe wa bare ƙofar kiɗan fada

A Ingila akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne kaɗa ƙararrawar coci. Dare ɗaya a mako sukan hau hasumiya, su yi da'ira, kowa ya kama igiyar ƙararrawa guda. Ƙararrawar na da nauyi, sai ta wulwula ta yi juyi cikakke kafin ta sake ƙara, don haka ba a iya fitar da waƙa da ita. Jerin bugun suke sassauyawa: ta ɗaya ta koma ta biyu, ta biyu ta dawo gaba, kuma ba a maimaita jeri. Ƙararrawa 7 na ba da jeri 5,040, aikin kusan awa 3 a tsaye, duk da ka. Tun ƙarni na 17 ake yi, har Fabian Stedman ya rubuta littafi a kai a 1677. Da yawansu ko ibadar ba sa zuwa. Da za a naɗa Sarki Charles a 2023, shela aka yi ana neman sababbin hannu, ba a tambayi kowa ɗan gidan wa ne ba.

Mu a Maraɗi Kiristoci tsiraru ne, ƙararrawa ba ta zama al'adar gari ba. Muryar da gari ya sani ta tambari ce, da kakaki da algaita, waɗanda sarautar Katsina ta taho da su bayan jihadi, zamanin Ɗan Kasawa, ta Gobir kuma ta zauna da nata a Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Su ke sanar da naɗi, su ke raka sarki ranar hawan Salla.

Amma je ka biki yau, cikin birni ko Jiratawa. Lasifika biyu ne bisa teburi, da yaro riƙe da waya. Ban ga laifinsa ba, ya fi araha, ba ya kuma roƙon kowa. Abin da ke damuna shi ne mun ɗaure kiɗa da gado, sannan muka raina magadan. Uban da zai yi rawar kai da jin algaita, shi ne zai hana ɗiyarsa auren mabushi, ya ce maroƙi ne. Ɗan mabushin ya ga haka, ya sayi kabu-kabu. Ɗan malamin lakwal da kunnensa ke so kuwa, ba shi da ƙofar shiga.

Busar algaita kuwa ba a koyonta da kallo. Dubi mai ita kusa: kumatu sun kumbura, faifan bakinta ya danne leɓe, yana jan iska ta hanci yana tura wadda ya tara a baki, shi ya sa sautin ba ya yankewa. Wannan sai da wani a gefenka, wata da watanni. In tsoho ya tafi da shi, rikodin waya ba zai koya wa kowa ba.

Tambari na sarauta ne, ban ce a miƙa shi ga kowa ba. Amma ganga da kalangu da algaita fa? Mun taɓa gwadawa. Zamanin Seyni Kountché samariyar unguwanni ta tara samari da ƴan mata suna koyon kiɗa da rawa da dare, ba wanda ya ce sun zama maroƙa. Samariyar ta zama kayan gwamnati, ta mutu da sauyin mulki, to wannan karon a bar gwamnati gefe. Majalisun shayi sun cika gari, matasa na zaune har tsakar dare. Guda ta yi karo-karo, ta gayyato mabushin fada da yardar sarki, yamma ɗaya a mako, ta biya shi ladan koyarwa kamar kowane malami.

Za a ce sirrin gida zai fita. Sai a tambayi masu sirrin ko ƴaƴansu nawa ne ke zaune suna ɗauka.