Mai gane ruwan da ke haihuwa

Akwai wata tambaya da nake gane gwanin lissafi da ita. In aka ce bashin nan ruwansa kashi 24 cikin ɗari ne a shekara, yawancinmu sai mu gyaɗa kai mu miƙa hannu. Shi kuwa gwani sai ya ce, "To, sau nawa ake haɗa ruwan da uwar kuɗi?"

Na ga irin wannan a Tsibirin Gobir, wajen wata dattijuwa mai riƙe da asusun mata. Ba ta yi lakwal ba. Ta baza ƴaƴan gyaɗa a tabarma, kowace ƙwaya jika ɗaya, tana nuna wa wata yarinya abin da bashin jika goma zai zama in ana ɗora ɗaya bisa goma duk wata. Wata na farko, goma sha ɗaya. Na biyu, ta ajiye goma sha biyu, sannan ta ɓantari ɗan guntu ta ƙara. "Kin ga wannan, ɗiyata? Jikan kuɗin ne, ruwa ya haifi nasa." In aka bari har wata goma sha biyu, jika goman nan ta haura talatin da ɗaya.

Ba abin mamaki ba ne a sami wannan basira a nan. A yankin Maraɗi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, kuma tun farko da ka mata suke riƙe lissafinsu.

Bari mu gwada da sefa 100,000 da wani mai lambu a Jiratawa ya ranta, a kan kashi 24 ɗin nan, wato iyakar da aka tsayar wa ƙananan asusun bashi a ƙasashen UEMOA a 2014. In sau ɗaya ake haɗawa a shekara, zai biya 124,000. In duk wata shida ne, kashi 12 sau biyu, 125,440. In duk wata ne, 126,824. Alkawari ɗaya, amma sefa 2,824 sun shiga tsakani ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwani ya san inda abin ke tsayawa. Haɗawa kullum na kai kuɗin 127,115. Ko a koma haɗawa duk ƙiftawar ido, ba za su wuce 127,125 ba, bambancin dala biyu kacal, wato sefa goma. Wannan iyaka ce Jacob Bernoulli, masanin lissafi na Suwizalan, ya gano a 1683. Saboda haka tsalle daga shekara zuwa wata shi ne abin dubawa, na bayansa kuwa ƙura ce.

Gwani kuma yana da gajeriyar hanya: raba 72 da yawan ruwan, ka sami kusan shekarun da kuɗi za su ninka. A kashi 24, shekara uku ke nan.

Na san wani zai ce riba haramun ce, me ya kai mu? Gaskiya ne, malamanmu sun faɗa. Sai dai wanda bai san zurfin rijiya ba shi ke wasa a bakinta. Kafin ka dangwala yatsa a takardar bashi, malam, tambayi yaushe ake haɗa ruwan da uwa, kuma a rubuta maka jimlar da za ka biya.