Rigar da ake yankawa ƙasa da awon jiki

Duk wadda ta koyi ɗinki a Bauchi, ko a shagon tela a Wunti ko a ɗakin wata yaya a Jahun, abu na farko da aka cusa mata shi ne ta bar sarari. In ƙirji inci 38 ne, a yanka 40 ko fiye, domin atamfa ba ta san sassauci ba: in aka matse ta, ko zif ya ɓalle ko mai riga ta kasa ɗaga hannu. Yadi mai roba kuwa, wanda wasu 'yan kasuwa ke kira jesi ko laikira, akasin haka yake so. Mai ƙirji 38 za a yanka mata 35 ko 36, rigar ta shiga ba zif ba maɓalli, ta zauna daram. Matan da suka iya wannan ɗinki a gida, da keken ƙafa da takardar fatan, wato zanen da ake bi a yanka riga, da suka saya, suna burge ni ne saboda sai da suka danne abin da hannunsu ya saba da shi shekara da shekaru.

Bambancin daga saƙa yake. Atamfa da shadda zare biyu ne suka gitta juna, na tsaye da na kwance, ba inda ɗaya zai matsa. Jesi kuwa, irin saƙar safa da singileti, zare ne ake lanƙwasawa madauki cikin madauki, in an ja madaukan su buɗe, in an saki su koma. A Turai ma an daɗe ana ganinsa yadin kayan ciki ne na maza, sai wajen 1916 da Coco Chanel ta Faransa ta fara ɗinka wa mata riguna da shi. A 1958 kuma wani masanin sinadarai na kamfanin DuPont a Amurka, Joseph Shivers, ya ƙirƙiro zaren roban da aka sa wa suna Lycra. Ɗan kaɗan daga cikinsa ake cakuɗawa da auduga ko foliyesta, shi ke sa yadi ya dawo bayan an ja shi.

Fatan na sayarwa ya girmi duk waɗannan. Ebenezer Butterick, wani tela a jihar Masacusets ta Amurka, shi ya fara sayar da shi a takarda mai laushi, girma-girma, a 1863. A garinmu dai bai taɓa kama ƙasa ba, kuma da dalili: telan Bauchi da tef da alli yake aiki, ya dubi mutum, ya dubi hoton da aka nuna masa a waya, ya zana a kan yadi kai tsaye. Abin da ya sauya shi ne intanet. Yanzu mace na iya sayen fatan tana zaune a ɗakinta a Fadaman Mada, ta tura yaro shagunan buga takardu na Yalwa, inda ɗaliban jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ke buga ayyukansu, a fitar mata da shi a shafukan A4, ta jera su a tsakar ɗaki ta liƙa da salatif. Wadda ta san kan abin, kafin ta yarda a buga sauran, sai ta ɗora tef a kan ɗan murabba'in gwaji da ke shafin farko. In an rubuta inci 1 ya fito ƙasa da haka, to mai shago ya bar injin ya rage hoton don ya cika takarda, kuma rigar duka za ta tsuke.

Takarda fa ba ta san jikin kowa ba. Manyan kamfanonin Amurka suna zana nasu ne a kan mace mai tsawon ƙafa 5 da rabi ko kusa da haka, mai matsakaicin ƙirji, lambobin girmansu kuma ba su yi daidai da na rigunan kanti ba. Suna haɗa sararin ɗinki a cikin zanen, galibi kashi 5 cikin 8 na inci, alhali na mujallar Burda ta Jamus ba ya zuwa da shi, sai mai ɗinki ta ƙara da kanta. A nan tsohon ilmin tef da alli yake rana. Za ka ga mace ta ɗauki lamba ɗaya a kafaɗa, ta gangaro da fensir a hankali ta shiga lamba ta gaba a ƙugu, ta ƙara wa hannu tsawo har wuyan hannu, ta ɗaga wuyan rigar da Baturiya ta zurfafa, ta sauke gindin har idon sawu. Rigar da aka zana don titin Landan sai ga ta ta zama wadda ake sawa a cikin gida, ko a ƙarƙashin abaya in za a fita gidan biki.

Tun a kasuwa ake cin nasara ko a faɗi. A rumfar mai yadi, a Wunti ko a Babbar Kasuwa, gwanar ba ta tsayawa kan launi kawai. Takan naɗe yadin a kwance, ta kama inci 4 tsakanin yatsunta, ta ja a kan tef. In ya kai inci 6 ba tare da ya yi fari-fari ba, miƙewarsa rabi ce, wato kashi 50 cikin 100, kuma kowane fatan na kirki yana faɗin adadin da yake bukata. Sai ta saki ta zuba ido. Wanda ya koma inci 4 nan take shi ne na saye. Wanda ya tsaya a 4 da rabi, rigarsa za ta yi jaka a mazaunai tun ranar farko, ko Alhaji mai rumfa ya rantse daga Dubai aka kawo. Ni dai ina ganin masu zaɓar mai auduga sun fi dabara, domin zafin Maris da Afrilu a Bauchi ba ya raga wa mai sanye da foliyesta mai kauri. Sai dai mai auduga yana tsukewa, dole a wanke shi a shanya kafin almakashi ya taɓa shi.

Wajen yanka, ɓangaren da ya fi miƙewa shi ke zagaya jiki. Ba a barin yadin ya rataya daga bakin tebur, nauyinsa zai ja shi a yanka ƙarya, shi ya sa da yawa suka gwammace shimfiɗa shi a ƙasa, su danne takardar da kofuna ko duwatsu.

Sai babbar magana, wato keke. Baƙin keken Butterfly da ke gidaje da yawa, wanda wasu tun a kayan ɗaki aka kawo musu shi, miƙaƙƙen ɗinki kawai ya iya. Miƙaƙƙen ɗinki kuwa ba ya miƙewa: yadi ya buɗe, zare ya tsaya, sai ka ji ɗas-ɗas a hammata lokacin da ake zura riga. Littattafan Turawa za su ce a yi zigzag ko a sa a injin wibin, ba su san akwai mai aiki da keken ƙafa a ranar da babu wuta ba. Ga abin da matan nan ke yi. Su cire allura mai tsini su sa mai dunƙulallen baki, wadda ke ratsawa tsakanin madaukai ba ta yanke su, don mai tsinin ce ke jawo tsallaken ɗinki da ƙananan huji. Su sa zaren foliyesta, su sassauta shi kaɗan, su ƙara wa ɗinkin tsawo. Sannan, da hannu ɗaya a gaba ɗaya a baya, su ɗan ja yadin yayin da yake wucewa, ta yadda in ya koma zaren zai samu rara. Gwargwadon jan shi ne sirrin, kuma ba a rubuce yake ko'ina ba. In ya yi kaɗan zare ya tsinke, in ya yi yawa gefen riga ya yi ta lanƙwasa kamar gefen ganyen latas. Ƙafa na taka feda, hannu biyu na auna ja, ido na kan layi. In yadin siriri ne har haƙoran keke na neman cinye shi, sai a shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashi a ɗinka tare, daga baya a yage. Mai hali kuma ta kai wa mai injin wibin a bakin layi ya bi mata gefuna.

Kafaɗa ita kaɗai ce ba a so ta miƙe, tunda ita ke ɗauke da nauyin doguwar riga. Sai a yanko siririn ƙyalle daga gefen atamfa a ɗinka a ciki.

In kana son sanin hannun da ya ɗinka riga, dubi wuyanta. Ana yanka ƙyallen wuya ya gaza zagayen wuyan, kusan kashi 85 cikin 100 nasa, gwargwadon ƙarfin yadin. A raba kowanne gida huɗu da alli, a haɗa alama da alama, sannan a ja ƙyallen shi kaɗai, ba a taɓa jikin rigar ba. In lissafi ya yi, wuyan zai kwanta luf a kan ƙashin wuya ko an sunkuya. In bai yi ba, babu gugar da za ta gyara shi, balle ma yadin ba ya son zafi; dutsen guga na gawayi yana iya narka robar ya bar tabo mai ƙyalli, don haka sai an sa ƙyalle a tsakani.

Ba a yi wa gindin kalmasa a ranar. Ana rataye rigar ta kwana, yadin ya gama saukar da zai yi, da safe mai ita ta sa, a zagaya da tef daga ƙasa a daidaita. Bayan nan ne za ka ga maɗinkiyar ta kwafe fatan ɗin da ta gyara a kan takarda mai ƙwari, ta rubuta a gefe sunan mai jiki da yawan miƙewar yadin da ta yi aiki da shi, domin in Sallah ta matso aka kawo mata wani yadin da bai kai wannan ja ba, sai ta sake lissafin ƙirji da ƙugu daga farko.